Ina Yarinyar Da Ta Guji Auren Dole Za Ta Dosa?

A Galadi ta ƙasar Shinkafi, da sauran garuruwan arewacin Jihar Zamfara har zuwa Zurmi da Ƙauran Namoda, idan yarinya ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, hanyoyin da ke gabanta ba su da yawa. Ko dai ta gudu gidan gwaggo ko kawu, bayan kwana biyu a mayar da ita ɗakinta, ko kuwa ta shiga mota ta faɗa birnin da ba ta san kowa ba. In ta zauna tana ƙin kusantar miji, akan samu tsofaffi su ce gishiri ne ke damunta, sai a kira wanzami ko ungozoma a yi mata yanka da aska a cikin al'aurarta.

Likitoci sun daɗe da sanin abin da kan biyo baya. A shekarar 1983 Dokta Tahzib na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya buga sakamakon binciken mata 1,443 masu ciwon yoyon fitsari. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, da dama kuma tun ƙugunsu bai gama buɗewa ba. Kashi 13 cikin ɗari kuwa yankan gishiri ne sanadinsu. Wadda abin ya sama, sau da yawa miji kan sake ta, 'yan'uwa su ƙaurace mata saboda zarni.

Irin waɗannan mata ne Mishan suka gina wa masauki a Danja ta Jamhuriyar Nijar, 'yan mil kaɗan kudu da Maraɗi, a kan hanyar da ta nufo Jibiya. Ƙungiyar SIM, wadda aka sani da Sudan Interior Mission a da, tana da asibitin kutare a wurin tun shekarun 1950. A watan Fabrairu na 2012 aka buɗe sashen yoyon fitsari mai gado 42, da haɗin gwiwar wata gidauniya ta Amurka wadda Dokta Lewis Wall ya kafa, watau likitan nan da ya zauna a ƙasar Hausa a shekarun 1970 yana nazarin magungunan gargajiya. Tsarin da aka kafa wurin a kansa shi ne a yi wa mace aiki kyauta, a ba ta wurin kwana da abinci har ta warke, sa'an nan a koya mata karatu da rubutu da ɗinki, domin ta koma gida da abin dogaro a hannunta. Cocin ECWA ma ta buɗe irin wannan sashe a asibitin Evangel da ke Jos a 1992.

Amma fa duk waɗannan wurare suna karɓar yarinya ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Wanda ke son ganin inda aka buɗe ƙofa tun kafin aski ya taɓa jiki, sai ya dubi ƙasar Kenya. A garin Kajiado, cikin ƙabilar Masai masu kiwon shanu, akwai makarantar kwana ta 'yan mata ta cocin Africa Inland Church. Tun shekarun 1980 shugabar makarantar ta wancan lokaci, Malama Priscilla Nangurai, ta fara karɓar 'yan matan da suka gudo daga kaciya da auren dole, tana ajiye su har lokacin hutu, tana kuma zama da iyaye da dattawa har a sasanta, yarinya ta ci gaba da karatu ba tare da an yanke zumunci ba.

Wannan hanya ta lallashi darasi ne da Mishan suka koya da wahala. A 1929 Dokta John Arthur na cocin Sikotilan ya tilasta wa mabiyansa 'yan ƙabilar Kikuyu su yi alkawarin barin kaciyar mata. Jama'a da yawa suka fice daga cocin, suka kafa makarantu nasu, al'adar kuwa ta ƙara samun gindin zama.

To, a ƙasa irin ta Shinkafi, inda kusan kowa Musulmi ne, akwai wata damuwa da ba a ɓoye ta: uba yana tsoron kada 'yar da ta shiga hannun Mishan ta dawo da wani addini. Saboda haka da wuya masauki irin na Kajiado ya karɓu a nan da sunan coci. Nauyin ya koma kan sarakuna da malamai da alƙalai da gwamnati, kuma ba su rasa abin kafa hujja ba. A cikin Sahihul Buhari an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar ba da son ranta ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa tsarin 'yan taru domin ilmi ya isa ga matan karkara. Dokar Tarayya ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata.

Har ila yau, gwamnati ta taɓa ɗaukar aikin da Mishan suka fara ta faɗaɗa shi. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina na kutare ne a hannun SIM, ga shi ya zama cibiyar tarayya ta aikin yoyon fitsari. Abin da ya rage shi ne a yi wa yarinya tanadi tun da wuri: makarantar kwana mai tsaro, musamman bayan sace 'yan matan Jangebe a 2021 ya sa iyaye sun ja da baya, da kuma dattijuwa amintacciya a kowace gunduma wadda yarinya za ta iya buga wa ƙofa da dare, a saurari kukanta kafin a mayar da ita.