Shirin Sallar Paska a Gaya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san Paska? Sallar Kirista ce, ta tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. A Najeriya Ista ake ce mata. Kullum ran Lahadi take kamawa, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Lokacin bazara ne, Gaya ta ɗauki zafi. Don haka ruwan sha shi ne gaba. Tun da saura mako biyu, dattawan majami'a su zauna su raba aiki. Samari su kafa rumfa, su cika randuna. Mata su auno shinkafa, su sayo kifi bakin kogi. Yara su koyi waƙa.

Kuɗin gudummawa fa, a sa shi cikin littafi: sunan mutum da abin da ya bada. Kai da ka iya rubutu yanzu, ga aikinka. Abin da aka rubuta ba ya kawo gardama.

Dangi za su ƙetaro daga Malanbil, a tanadar masu masauki. In an sauke tukunya, a kai ma maƙwabta Musulmi, kamar yadda suke aiko nama ran Layya. Zumunta a ƙafa take.