Zuƙe Kitse: Gyaran Siffa Ne, Ba Maganin Ƙiba Ba

Ran 23 ga Oktoba 2005 labari ya iso Nijeriya cewa Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a ƙasar Sifen. Ba doguwar jinya ta yi ba. Ta shiga wani asibiti ne kusa da garin Marbella domin a rage mata kitsen jiki. A 2009 kotu a Malaga ta sami likitan da laifin sakaci, gama bututun da ya yi aiki da shi ya huda mata hanta da babban hanji. Ya kamata mu san irin wannan aiki, mu san abin da yake iya yi da abin da ba ya iyawa.

Ga yadda ake yi. Likita yakan tsaga fata 'yar kaɗan, ya zura siririn bututun ƙarfe ƙarƙashinta, yana kai da komo da shi, inji kuwa yana zuƙo kitsen zuwa cikin kwalba. Inda aka fi yi su ne teɓa, da cinya, da ƙugu, da damtse, da ƙarƙashin haɓa.

Wasu likitoci biyu a birnin Roma, uba da ɗa, Arpad da Giorgio Fischer, su suka buɗe wannan hanya wajen 1975. Yves-Gérard Illouz na Faransa ya kyautata ta a 1977 da bututu mai dakusasshen baki, wanda ba ya yawan yanke jijiyoyi. A 1987 kuma Jeffrey Klein na Amurka ya bayyana dabarar fara cika wurin da ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, zubar jini ta ragu ƙwarai.

Wa aikin yake yi wa amfani? Mutum mai lafiya, wanda nauyinsa bai wuce kima sosai ba, amma kitse ya tarar masa wuri ɗaya, ya ƙi tafiya duk da motsa jiki da kula da abinci. Irin wannan yakan ga siffarsa ta gyaru bayan kumburi ya saɓe, watau bayan makonni ko watanni, yana sanye da matsattsiyar riga ta musamman.

Amma fa kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda muke iya kamawa da yatsu. Akwai kuma na can ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ne ya fi haɗuwa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Bututun ba ya kaiwa gare shi. A 2004 likitoci a birnin St. Louis na Amurka suka ba da rahoto a kan mata 15 masu ƙiba waɗanda aka zuƙe wa kowace kitse wajen kilo 10. Jikinsu ya ragu, amma sukarin jininsu da hawan jininsu ba su gyaru ba. Wani bincike kuma a Jami'ar Colorado a 2011 ya nuna kitsen ya komo cikin shekara guda, sai dai ya sauya wurin zama, ya fi taruwa a ciki.

Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne: miki ya ruɓe, gudan jini ko na kitse ya toshe hanyar huhu, magani ya fi ƙarfin jiki, ko fata ta yi tudu da kwari. In abin da za a zuƙe ya wuce lita 5, haɗarin yana ƙaruwa. Saboda haka wanda ya yi niyya sai ya tabbata likitan ƙwararren mai tiyata ne mai rajista, ya tambaya wa zai ba da maganin barci, ina kuma za a kai shi idan abu ya ɓaci da dare. Kada araha ta ruɗe mu, garin neman gira a rasa ido.

Muna da magana kuma ga masu gida. Jikin mace yakan sāke bayan haihuwa, wannan ba abin gori ba ne. Ba'a kan ciki ko ƙiba tana iya tura uwargida ga wuƙar da ba ta bukata. Gara mu rage mai da sukari a tukunyarmu duka, mu riƙa taka ƙasa tare da yamma. Wannan yana kaiwa ga kitsen da bututu ba ya iya taɓawa.