Babi na Uku: Koya wa Yara Ƙanana Wasannin Motsa Jiki Iri-iri a Jega da Aliero da Maiyama

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar wasa da rabe-rabensa a wurin Bahaushe. A wannan babi kuwa, za a duba yadda ake saba wa yaro da wasannin motsa jiki tun yana ƙarami a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda ke cikin masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi. Manufar babin ita ce a nuna cewa ya kamata yaro ya taɓa wasanni daban-daban kafin ya zaɓi wanda zai ƙware a kai.

3.1 Tsarin Wasannin Dandali

Tun kafin zuwan makarantun boko, dandali shi ne filin da yaran wannan yanki ke horar da jikinsu. Idan aka lura, za a ga cewa kowane wasa yana da irin aikin da yake yi wa jiki. A langa, yaro kan riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar yana ture abokan karawa domin "ruwa" ya kai masha. Wannan yana koya masa daidaita jiki da haɗa kai da 'yan'uwansa. Kokawa tana gina ƙarfin ƙugu da damtse, wasan ɓuya kuma yana koyar da gudu da kaucewa. A ɓangaren 'yan mata, 'yar gala-gala da gaɗa sun ƙunshi tsalle da juyi, carafke kuwa tana sa ido da hannu su yi aiki tare.

Bugu da ƙari, yanayi ma yana canza wasa. Da kaka ake yawaita kokawa, lokacin da abinci ya wadata. Da farin wata dandali kan cika, da bazara kuma yaran da ke kusa da Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Jega, sukan koyi iyo. Ta haka ne kafin shekara ta zagayo yaro ya motsa kowace gaɓa ta jikinsa ba tare da wani ya tsara masa ba.

3.2 Matsayin Masana Kiwon Lafiya

Binciken zamani bai saɓa wa wannan tsari ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya riƙa motsa jiki ta hanyoyi iri-iri na aƙalla minti 180 a yini. A 2020 kuma ta ce masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar kimanin minti 60 na motsa jiki mai ɗan ƙarfi a kullum. Haka nan, a 2016 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta yi gargaɗi game da tsare yaro a kan wasa guda kafin ya kai wajen shekara 15 ko 16. Dalili shi ne ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Idan gaɓa ɗaya ce ke shan wahala kullum, takan samu rauni, shi kuma yaron ya ƙosa da wasan tun bai je ko'ina ba.

3.3 Halin da Ake Ciki

A yau ƙwallon ƙafa ta mamaye zukatan yara maza, gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu kuma sun janye da yawa daga dandali. Ƙwallo ba abin ƙi ba ce, amma ba ta ba hannu da kafaɗa aikin da kokawa ko iyo ke ba su. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan mata, domin wasanninsu na dandali suna ja da baya, ba su kuma samu madadinsu ba.

Don haka nauyi ya koma kan makarantun firamare da iyaye. Malami ba ya bukatar kayan tsada: gawayi ko toka sun isa zana filin 'yar gala-gala, langa kuwa fili kawai take so. Ya dace kuma yara su san cewa waɗannan wasanni suna da daraja. Ana fafatawa a langa da kokawa da dambe a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, kamar yadda ake kokawa da wasannin ruwa a bikin kamun kifi na Argungu.

Sai dai wajibi ne a yi hattara. Kada a haɗa ƙaramin yaro kokawa da wanda ya fi ƙarfinsa, domin ko da yake Aliero ta shahara da maɗora, rigakafi ya fi magani. Iyo kuma sai da babba a kusa, saboda haɗarin nutsewa da cutar tsargiya.

3.4 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa dandali ya daɗe yana ba yaro wasanni iri-iri gwargwadon jinsi da yanayi, kuma masana sun ƙarfafa hikimar yin haka. Bahaushe na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babi na gaba zai duba rawar da malaman firamare za su iya takawa wajen raya waɗannan wasanni.