Me ya sa haɗewar bankuna ke cin guraben aiki?

A Maris 2023 bankin UBS ya sayi abokin hamayyarsa na Suwizalan, Credit Suisse, kan dala biliyan 3 da ɗoriya, bayan masu ajiya sun yi ta kwashe kuɗinsu.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon lissafi. A lokacin, a garuruwa da dama rassan bankunan biyu maƙwabtan juna ne, kowanne da manajansa da akawunsa, kuma sabon maigida ba zai biya albashi biyu kan aiki ɗaya ba. Sai a garƙame reshe guda, a mayar da wasu ma'aikatan ɗayan, saura a sallame su. A Agustan shekarar shugaban UBS, Sergio Ermotti, ya sanar da soke guraben aiki 3,000 a ƙasar kaɗai.