Na'urar da ke Tantance Shekarun Mai Sayen Taba

Tun watan Disamba na 2019 dokar Amurka ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 21 ba. Dalili kuwa shi ne, sinadarin nikotin yana yi wa ƙwaƙwalwar matashi illa, domin ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25.

To, yaya mai kanti zai gane shekarun mai saye? Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima; sai dai wani lokaci ƙimar takan kuskure. Saboda haka, daga Janairun 2023 jihar Nebada ta wajabta tantance duk mai sayen taba da bai kai shekara 40 ba da na'ura.

A bayan lasin tuƙi akwai wani zanen ɗige-ɗige da ke ƙunshe da suna da ranar haihuwa. Na'urar takan haska shi, ta karanta, ta kwatanta ranar haihuwar da ta yau, nan take ta ba da amsa.

Sai dai kati na'urar ke karantawa. Idan yaro ya ari na wansa, tilas mai kanti ya dubi hoto, ya dubi fuska.