Kasuwa da Muhalli: Darajar Gidaje a Fagge da Sabon Garin Kano

Wanda duk ya nemi gidan haya a Fagge ko Sabon Gari zai tarar cewa sau da yawa ciki da falo a tsohon gini, cikin cunkoso, ya fi irinsa a bayan gari tsada. Dalilin haka yana cikin tarihin unguwannin biyu.

Fagge tun asali zangon fatake ne a wajen ganuwa, inda ayarin raƙuma kan sauke kaya. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Larabawan Sham da na Labanan kuma suka kafa kantuna a inda Kantin Kwari yake a yau. Ashe ke nan kasuwa ce ta tara mutane a nan, ita ce kuma ta yi wa gidajen daraja, domin mazauninsu yana iya zuwa wurin sana'arsa da ƙafa.

To, amma wannan kusanci shi ne kuma yake korar mazauna. Abin da ɗan kasuwa zai biya na hayar shago ko sito ya fi ƙarfin magidanci mai albashi. Saboda haka idan gidan gado ya zo rabo, magada kan ga ya fi musu su sayar. Dillali ya karɓi la'adarsa, mai saye ya rushe zaure da ɗakuna, ya tayar da bene, shaguna a ƙasa, ma'ajiyar kaya a sama. Dokar filaye ta 1978, wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna bisa amana, ta ƙara wa gida mai takardar mallaka kuɗi, tun da banki yana karɓar ta jingina.

Ta haka ne iyalai da dama suka koma Kurna da Rijiyar Lemo da Dakata, suka yi nisa da makwabtan da suka gada kaka da kakanni. Muddin hukuma ba ta shata iyaka tsakanin wurin ciniki da wurin kwana ba, gidajen za su yi ta ƙara tsada, masu kwana a cikinsu kuwa suna raguwa.