Neman Agaji Ta Hanyar Intanet: Abin Da Aka Gani A Kudancin Kaduna

A watan Maris na 1987, lokacin da rikici ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, labarin ya bazu ne ta rediyo da jaridu da bakin matafiya. Wanda gidansa ya ƙone sai ya jira ɗan jarida ya iso, ko kuwa ya aika wa danginsa saƙo ta hannun direban mota. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma intanet ta biyo cikinta, sai hanyar kai kuka ta sake. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san yadda ƙungiyoyin agaji suke aiki da wannan hanya, domin kuwa wayarsa ce suke nufi da saƙonsu.

Ga yadda abin yake tafiya. Ƙungiya takan sami wakili a ƙauyen da aka kai wa hari, watau malamin makaranta, ko limami, ko fasto, ko ma'aikacin asibiti. Shi ne zai ƙidaya waɗanda suka gudu, ya ɗauki hoton inda suka fake, ya aika ta WhatsApp zuwa ofishin ƙungiyar. Daga nan sai a buga a Facebook da X, wanda a da ake kira Twitter, tare da wata gajeriyar kalma mai alamar #, don duk abin da aka rubuta a kan batun ya taru wuri ɗaya. A ƙasa kuma a sa lambar asusun banki. Kafin gari ya waye, 'yan asalin yankin da ke Legas ko Ingila ko Amurka sun gani, wasu har sun turo kuɗin masara da tabarmi da barguna da magani.

An ga ƙarfin wannan hanya a ƙarshen 2016, musamman bayan harin da aka kai ƙauyen Goska, a ƙaramar hukumar Jama'a, ranar 24 ga Disamba. Cocuka da ƙungiyoyi irin su SOKAPU suka yi ta fitar da sanarwa, jama'a suka yi ta yaɗawa, har batun ya zama abin magana a ƙasa baki ɗaya.

Amma a nan ne kuma aka ga wahalar abin. Cocin Katolika na Kafanchan ya ce mutum 808 aka kashe a ƙauyuka 53. Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, ta ce 204. Yankin da kowannensu ya ƙidaya ba ɗaya ba ne, sai dai wannan bayani ba ya bin lambar idan ta shiga yawo a wayoyi. Kowa sai ya ɗauki wadda ta dace da ra'ayinsa. Hoto ma haka yake. A 2018 binciken BBC ya nuna cewa wasu hotunan da aka yaɗa lokacin rikicin Filato ba a can aka ɗauke su ba, kuma sun ƙara wa wutar mai.

Har wa yau, intanet ba ta jin kukan kowa daidai. Ƙauyen da yake da 'ya'ya masu ilmi a birni yakan sami mai magana da yawunsa. Rugar da ke cikin daji, ko ƙauyen da waya ba ta kama shi, sai a yi musu ɓarna ba a ji ba. Ga kuma saurin mantuwa. Waɗanda rikicin bayan zaɓen 2011 ya kora daga Zonkwa da kewayenta sun yi shekaru a sansanin alhazai na Mando, a Kaduna, bayan hankalin jama'a ya koma wani wuri.

Saboda haka, idan saƙon neman agaji ya iso wayarka, duba ko ya faɗi sunan ƙauyen, da ranar da abin ya faru, da wanda ya yi ƙidayar. Duba asusun, ko da sunan ƙungiya aka buɗe shi ko da sunan mutum ɗaya. Ƙungiya mai gaskiya takan dawo bayan makonni ta nuna buhu nawa ta saya da inda ta raba su. Idan saƙon ya fi ba da ƙarfi ga zagin wata ƙabila ko wani addini fiye da bayanin abin da mabukata suke nema, kada ka tura shi gaba. Mai shakka yana iya kai gudummawarsa ofishin Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya mafi kusa, ya karɓi rasit.